Sanarwar da Aka Share

Allah da ya ba mu aron Kawu, yayan mahaifiyata, ya karɓi abinsa ranar wata Lahadi da sassafe. Daga gare shi muka fito, can kuma muka dosa. Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don akwai wani laifi nawa da ya kusa rataya a wuyan wani dattijo, ina so kowa ya san mai laifin.

A kwana ukun da muka yi muna zaman makoki a ƙofar gidansa a Unguwar Shanu, na ga mutane iri-iri. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo da manyan riguna, kowanne ya ce shekara talatin Kawu ya yi a ɗakin ajiye fayil na ma'aikatarsu, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutanen masallaci suka ce an yi rashin mutumin sahun gaba. Waɗannan duk mun san da zuwansu. Waɗanda suka ɗaure wa dangi kai su ne baƙin fuskoki: makanike da baƙin mai a farce, wata nas da kayan aikinta, ɗan sanda cikin farin kaya, wata mai sayar da atamfa, da samari masu sarƙar gicciye a wuya. Kowanne in ya durƙusa gaban Umma, mahaifiyata, sai ya ce, "Admin ɗinmu ne." Da abin ya ishe ta sai ta ja hannun rigata ta tambaye ni a hankali ko wata sarauta aka ba yayanta ba ta sani ba.

Ƙaramin kawuna, ƙanen marigayin, bai ji daɗin abin ba. Ya yi ta ƙunƙuni cewa mutum ya kusa saba'in, mai jikoki, a ce wai da ƙwallo za a tuna shi. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta jiyo shi daga cikin gida, ta aiko cewa a bar su su shigo, 'ya'yansa ne na cikin waya.

Abu ɗaya na lura da shi a bakin baƙin nan. Kusan kowannensu sai ya ce bai ji ba sai da aka riga aka binne, sannan ya sunkuyar da kai. Kuma a tsallaken layi, a kan bencin tela, wani dattijo yana zaune shi kaɗai da hularsa a hannu. Kullum yakan zo da safe ya tashi da yamma, amma ya ƙi shigowa ƙarƙashin rumfa. Shi ne aminin Kawu, tsohon shugaban wata makarantar firamare da muke kira Baba Hedimasta, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, mazaunin Unguwar Dosa. Tare suka buga ƙwallo suna samari, Kawu a raga, shi a baya. Lokacin da zama ya yi wuya a garin nan, danginsa da yawa suka koma ƙetaren kogi, shi ya ƙi tashi, saboda Kawu ya ce masa in ya ƙetare wa zai riƙa yi wa dariya ranar da aka lallasa ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, masu farar riga. Dalilin zamansa a kan bencin nan shi ne abin da zan faɗa, amma sai na fara da zauren.

Da can akwai wani gidan kallon ƙwallo na kwano da benci a bayan layinmu. Da mai filin ya sayar aka gina shaguna, sai wani ya buɗe mana guruf a waya don kada musu ya mutu. Muka riƙa ce masa zaure. Aka sa Kawu admin, wato mai riƙe da makulli: shi ke shigo da mutum, shi ke fitarwa, yana iya share saƙon kowa, yana iya kulle zauren ba mai iya rubutu sai shi. An zaɓe shi ne don shi ne mai furfura, kuma, in za a faɗi gaskiya, don mun ɗauka tsoho ba zai iya da waya ba, mu ci karenmu ba babbaka. Ashe mun yi wa kanmu.

Kawu ya ɗauki abin kamar an mayar da shi ofis. Ba mai biyansa, ba mai gode masa, amma kullum in ya dawo daga sallar asuba ya gama lazimi, sai ya sa tabarau a ƙarshen hanci, Inna ta ajiye masa shayi, ya bi saƙonnin jiya ɗaya bayan ɗaya, na mutum sama da ɗari biyu. Da yatsa ɗaya yake aiki, kuma sai ya lashi yatsan kafin ya ja allon wayar, kamar mai buɗe fayil. Mun yi mun yi ya daina, bai daina ba har ya bar duniya. In zai ja wa mutum kunne kuwa sai ya fara da "Dangane da saƙonka na jiya da ƙarfe biyar da kwata," har mutum ya ji kamar takardar sallama daga aiki ce ke tafe.

In aka ce masa alƙali sai ya ƙi. Yakan ce, "Alƙali yana da usur. Ni mai shara ne. Kowa ya sha rakensa ya tofar, in zo da safe in share."

Kada a ɗauka mai ɗaure fuska ne. Shi mai goyon bayan masu jar riga ne tun kafin a haife ni, ƙungiyar da ta daɗe rabonta da kofi, ni kuwa na masu shuɗiya ne, kuma bakina ba ya ƙin magana. Ka ce golansu rariya ne, ka ce kocinsu ya fi dacewa da sayar da tsire, duk Kawu zai bar maka, har ya ƙara maka gishiri. Ranar da nasa suka yi nasara, wadda ba ta cika zuwa ba, ba ya cewa komai sai "Barkanku da yamma, jama'a," kuma wallahi gaisuwar nan ta fi zagi ciwo. Abin da tsintsiyarsa ba ta bari shi ne zagin iyaye, da duk maganar da ta taɓa masallaci ko coci ko yaren wani, da bidiyoyin nan na an-ce-an-ce da ake turowa daga wasu wurare. Sai kuma wani abu guda da ni da shi muka daɗe muna sa-in-sa a kai.

Shara kuma a wurinsa ba ta ƙarewa a danna waya. In ya share saƙonka sai ya kira ka. In ka maimaita sai ka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa a ƙofar gidanka, don ya ce zumunta a ƙafa take, kuma shi ba ya ba mutum jan kati bai ga fuskarsa ba. Akwai wani direba a Doka da ya yi kwana uku a jere yana zagin duk wanda ya yi tari a zauren. Kowa ya ce a kore shi. Kawu ya hau babur ya je nemansa, ya same shi kwance a ɗaki shi kaɗai, ƙafa a ɗaure, wata biyu da yin haɗari, ba mai leƙa shi sai ƙuda. Da Kawu ya dawo bai faɗi sirrin kowa ba. Ya dai fitar da jadawali irin na gasa: masu ja za su je dubiya Asabar, masu shuɗi Lahadi, masu fari Laraba, wanda bai je ba an ci ƙungiyarsa uku da nema. Mutane suka riƙa zuwa da lemo da ayaba suna musu a bakin gadonsa. Tun daga ranar direban nan in ka taɓa Kawu ka taɓo wa kanka.

Wata rana kuma gari ya ɗau zafi, aka fara turo bidiyon wai ana rikici a ƙetaren kogi. Kafin azahar Kawu ya share ya kulle zauren, shi da Baba Hedimasta suka wuni suna kiran mutane ɗaya-ɗaya suna tambayar lafiya. Da ƙura ta lafa ya buɗe da tambaya guda, wai wane gola ne ya fi kowa a tarihi, ya ce ga abin faɗa nan in faɗa muke so. A ranar ne ya naɗa Baba Hedimasta admin na biyu. Yarjejeniyarsu ita ce ba wanda zai tsaya duba addinin mai saƙo. Ya ce masa, "Ka share na Musulmi, in share na Kirista, har su saba." Kuma mun saba, ko dai mun ɗauka mun saba.

Yanzu ga abin da ke tsakanina da shi. Duk mai bin ƙwallo a waya ya san ta'aziyyar wasa. In aka lallasa wata ƙungiya sai 'yan adawa su rubuta salati, su sanar da rasuwarta, su sa lokacin jana'iza, wasu su biyo da "Allah ya ba ku haƙurin rashi." A kowane guruf ana yi. Ni kuwa gwani ne, har ana jiran tawa. Kawu bai taɓa ganin ko ɗaya ya ƙyale ta ba, sai ya share. Na ce masa ba ya iya shan kaye ne kawai, ya fake da doka. Bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Kalmar nan guda ɗaya gare mu, ɗana. In kuka cinye ta a wasa, ranar gaske da me za ku kira mutane?"

Na ji, amma ta bayan kunne. Ni da nake da 'ya'ya uku da tebur a ofis, sai ga ni ina wasan ɓuya da kawuna kamar ɗan firamare. Wata biyu kafin rasuwarsa aka zura wa masu ja ƙwallo ana dab da tashi, sai shaiɗan ya raya mini in ƙara armashi. Na rubuta salati cikakke, na ce Allah ya yi wa Kawu rasuwa, za a yi jana'iza a gidansa da ke Unguwar Shanu, sai can ƙasa na ƙara da cewa ya cika ne a minti na casa'in. Zaure ya kece da dariya. Baba Hedimasta bai kai ga layin ƙarshe ba. Ya fito ba hula, ya tari adaidaita, ya faɗo gidan yana haki, ya tarar da Kawu a tsakar gida yana cin ɗanwake. Mutumin da ke shan maganin hawan jini. Inna ce ta ba shi ruwa.

A ranar na ga fushin Kawu, wanda ban taɓa gani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya fitar da ni daga zauren mako guda, kuma bai zo gidana a babur ba, ya aiko in zo. Ya sa na durƙusa na ba amininsa haƙuri, na bayar, amma a raina ina cewa tsofaffi ba su san raha ba. Har hoton saƙon na ɗauka na adana, don ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ban dariya ba. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar Asabar ɗin ƙarshe aka ci masu ja huɗu da nema. Zaure ya yi ta tafasa. Saƙon Kawu na ƙarshe shi ne, "Mun sha kashi, mun gode. A yi ta dariya, kada a zagi kowa." Washegari ya dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarmarsa ya ce a kawo shayi. Kafin Inna ta kawo, rai ya yi halinsa.

Aka sa jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Na ciro waya na rubuta wa zaure sanarwa, da kalmomin da kowa ke sanar da mutuwa da su, don ba wasu. Na jefa wayar a aljihu na shiga hidimar likkafani da makara da masu haƙa. Da aka tsaya sallah na waiga, na ga 'yan zaure ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma 'yan layinmu ne. Inna ta aiko sau biyu tana tambaya ko Baban Dosa, kamar yadda take kiran Baba Hedimasta, ya iso. Aka kira wayarsa, a kashe. Ƙaramin kawu ya ce ba a jinkirta gawa, kuma gaskiyarsa ce. Muka kai Kawu makwancinsa ba tare da mutumin da ya fi kowa daɗewa da shi ba.

Sai da muka dawo daga maƙabarta na duba waya. A ƙarƙashin inda na yi sanarwa, fuskokin nan ne masu dariya har da hawaye, sun fi talatin. Wani ya ce ba na jin magana, wani ya ce Allah ya ji ƙan jar riga. Sanarwar kanta babu ita, sai ɗan rubutun da ke nuna admin ya share, da sunan Baba Hedimasta. A ƙasa ya rubuta, "Ɗana, an hana ka wasan nan. In na fito sujada zan zo mu yi magana a gaban kawunka." Da ya ga Kawu bai leƙo ba, kuma shi zai shiga coci, sai ya kulle zauren kamar yadda suka saba yi in abu ya yi zafi, ya kashe waya. Shi ya sa 'yan layinmu da suka san gaskiya ba wanda ya iya rubuta ko harafi. Makulli ɗaya yana coci, ɗayan yana ƙarƙashin matashin kan Kawu.

Ƙarfe ɗaya ta wuce ya shigo layin da kayansa na Lahadi, riƙe da ledar lemo da ya sayo don ya zolayi abokinsa. Ya ga rumfa, ya ga tabarmi, ya tsaya. Ni na tare shi. Ya miƙo mini ledar kamar ita ce ta kawo shi, ya ce, "An riga an kai shi?"

Na ce, "An kai shi, Baba."

Ya ce, "To." Ya tsallaka ya zauna a bencin tela. Daga nan ya buɗe zauren, ya rubuta sanarwar da hannunsa.

Kafin magariba wuta ta kama. Direban nan na Doka ya ɗauki hoton inda aka share, ya rubuta cewa wa ya ba wannan mutumin ikon share sanarwar mutuwar Musulmi, ya hana su sallar gawa. Magana zarar bunu ce. Hoton ya fita daga zaurenmu ya shiga wasu guruf-guruf inda ba wanda ya san Kawu, ba wanda ya san ɗanwake da minti na casa'in, sai sunan dattijo Kirista da abin da aka ce ya yi. Duk wanda ya girma a Kaduna ya san inda irin wannan maganar take kaiwa. Kiristocin zaure suka fara zamewa shiru-shiru. Wani ya buɗe sabon guruf ya ce na "namu zalla" ne. Baba Hedimasta yana da ikon share duk zagin da ake masa, bai share ko ɗaya ba. A rana ta biyu 'yarsa ta kira ni tana kuka, ta ce baƙin lambobi na ta kiran babanta, kuma wasu sun zo Unguwar Dosa suna tambayar wane ne gidansa. Ta ce gobe za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta a ƙetaren kogi, ko yana so ko ba ya so.

Ni kuwa ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina amsa gaisuwa, na yi shiru. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoro. Na fake da makoki, ina kallon tsoho a kan benci yana ɗauke da kayana. Ban taɓa raina kaina kamar a kwana biyun nan ba.

Da safiyar kwana na uku Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta miƙo mini wayar Kawu, allon duk shatin yatsansa, ta ce tana ta ƙara, ba ta san mai ita ya tafi ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Ni na ba Baban Dosa ruwa ranar da ya shigo gidan nan ba hula. Na san abin da ya kawo shi, kai ma ka sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na fita na tsallaka wurin benci na durƙusa. Baba Hedimasta ya ce dama yana nemana, ya yanke shawarar rufe zauren gaba ɗaya, tunda mai shara ya tafi kuma tsintsiyarsa shi ta zama abin faɗa. Na ce masa ba za a rufe ba. Na ce in aka rufe yau, abin da za a riƙa faɗa har abada shi ne Kirista ya share mutuwar Musulmi zaure ya watse, kuma shekarun da Kawu ya yi yana lasar yatsa sun tafi a banza. Na roƙe shi ya sa ni admin, kuma ya ba ni zuwa la'asar.

Da aka shafa addu'ar uku, mutane cike da layi, 'yan zaure da yawa a ciki, na miƙe na nemi izinin liman. Na sa ɗan sandan nan ya ɗauke ni bidiyo a waya. Na ciro hoton tsohon saƙona na wasa, wanda na adana don alfahari, na karanta shi da ƙarfi, sannan na maimaita kalmomin sanarwar da na rubuta ranar Lahadi. Ba abin da ya raba su sai minti na casa'in. Na ba da labarin adaidaita da hawan jini da ruwan da Inna ta bayar. Na ce Baba Hedimasta dokar Kawu ya bi, kuma da Kawu ne ya ga saƙon nan a kan wani, da shi ma ya share. Na ce duk wanda bai sami sallar kawuna ba, ni na hana shi, ni da duk wanda ya taɓa yi mini dariya ya ƙara mini ƙarfi, kuma mai neman wanda zai zaga ga ni, ya san gidana. Ƙaramin kawu, wanda ya raina ƙwallo, shi ne ya tashi ya tsallaka layi ya kamo hannun Baba Hedimasta ya kawo shi ƙarƙashin rumfa, ya zaunar da shi a kan tabarmar dangi.

Na tura bidiyon a zaure, amma na san waya ba ta gama irin wannan aikin. Na karɓi makullin babur ɗin Kawu na nufi Doka. Na sami direban a ƙofar ɗakinsa, ido jawur. Na shirya wa faɗa, sai ya nuna mini wayarsa. A cikin fuskokin dariyar nan na ranar Lahadi, ta farko tasa ce. Ya ce, "Mutumin da ya zo duba ni lokacin da ba mai leƙa ni, ana binne shi ina kwance ina dariya. Wa kake so in zaga?" Muka zauna muka yi kukanmu. Daga baya na ce masa kuka ba zai dawo da hoton da ya tura ba. Ya hau bayan babur muka tafi Unguwar Dosa, ya durƙusa gaban Baba Hedimasta a gaban maƙwabta, sannan ya yi kwana biyu yana bin duk guruf ɗin da hoton ya shiga yana ajiye bidiyona a ƙarƙashinsa.

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Wasu da suka fita ba su dawo ba, kuma akwai wuraren da ƙaryar ta isa gaskiya ba ta bi ta ba. Ina da sunayen waɗanda suka fita, ina binsu gida-gida duk ƙarshen mako, saura goma sha ɗaya. Amma 'yar Baba Hedimasta ta zo da mota ta koma ita kaɗai, kuma zaure yana buɗe.

Yanzu ni ke tashi bayan asuba in bi saƙonni. Ban san haka aikin yake da cin rai ba. An ce mini ɗan kama-karya, an ce ina son kai, wani ma ya ce na fi Kawu tsanani, na ce ai tubabbe ya fi kowa. Asabar da ta wuce aka lallasa masu shuɗi, nawa, wani sabon shiga ya rubuta salati da lokacin jana'iza. Ko minti ɗaya bai yi ba na share. Na kira shi ya ce ai wasa ne, a kowane guruf ana yi. Na ce na sani, ya faɗa mini unguwarsu.

Jiya na kai wa Baba Hedimasta abincin sadakar arba'in da Inna ta ba ni. Na same shi a barandarsa da tabarau, yana duba zaure. Muka taɓa hira, ya zolaye ni kan golanmu. Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ni ban raka abokina ba, wannan ya wuce. Amma ranar da tawa ta zo, kai za ka rubuta. Ka tabbata sun yarda."

Na yi masa alkawari, kuma shi nake cikawa kowace safiya. Muddin makullin nan yana hannuna, ba mai sake cinye kalmar nan a wasa, ko ɗan uban wane ne, ko sau nawa aka ci ƙungiyarsa. Allah ya ba Inna da Umma da Baba Hedimasta haƙuri. Kawu kuwa, Allah ya haskaka makwancinsa, ya share masa kurakuransa kamar yadda ya yi shekaru yana share mana namu tun gari bai gani ba.